Ba bacci, ciwo kuma an kasa gano sunansa: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi min

Assalamu alaikum. Sama da shekara biyar kenan ina fama da wani ciwo da har yau ba likitan da ya buɗe baki ya ce min ga sunansa. Da zazzaɓi ya fara a daminar 2019, zazzaɓin ya wuce, amma gajiya da ciwon gaɓoɓi suka tare a jikina kaman sun biya hayar shekara goma, daga baya bacci ma ya tattara nasa ya nasa ya bar ni. Malamar firamare ce ni a nan Gombe, Tudun Wada muke zaune, 'ya'yana huɗu. Ni ba likita ba ce, na faɗa tun yanzu, kar wani ya karanta ya je ya ajiye maganin da aka rubuta masa ya ce ai Malama ce ta ce. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, tunda aka ji baccina ya ɗan dawo, duk inda na shiga, gidan suna ne ko bencin jiran likita, tambayoyin dai su ke nan, wata baiwar Allah ma har gida ta biyo ni daga Pantami. Toh ga su nan yadda ake yi min su, da ɗan abin da na sani.

Malama wai rashin baccin ne ya kawo ciwon ko ciwon ne ya hana baccin?

Duka biyun, kuma kowanne yana ciyar da ɗan uwansa. Ciwo ya hana ki bacci, washegari ki tashi jikin ya fi na jiya tsami, daren da zai biyo baya kuma ya fi wuya, haka za a yi ta zagaye kaman jakin kuka. Kuma ba ji na kawai ba ne. Tun 1975 wani likita a Kanada, Harvey Moldofsky, ya samu mutane masu lafiya garau ya dinga katse musu bacci mai nauyi da ƙara cikin dare, 'yan kwanaki kaɗan suka fara kukan ciwon jiki da tsamin nama irin namu. Wato jikin da bai ƙoshi da bacci ba, ciwo kaɗan ma da ƙarfi yake jinsa.

Kuskuren da nayi kusan shekara uku shi ne zaman jira. Na sa wa raina sai an gano ciwon, an ba shi suna, an magance shi, sannan bacci zai dawo dan kansa. Ashe ana iya gyara baccin alhali ciwon yana nan bai da suna. Da na san haka tun farko da ban ɓata shekarun nan ina ƙirga kwanon rufi ba.

Kwana nawa mutum zai yi bai runtsa ba kafin a ce abin ya zama matsala?

Ma'aunin likitoci shi ne dare uku ko fiye a sati, har tsawon wata uku, kuma abin yana taɓa ki da rana, ga kasala ga mantuwa ga saurin fushi. Ko dai ki kwanta baccin ya ƙi zuwa sama da rabin awa, ko ki farka tsakar dare ya ƙi komawa, ko ido ya bushe tun kafin kiran sallar farko. Babba awa 7 zuwa sama ake so ya samu, amma kar ki riƙe lambar nan kaman farilla. Dare ɗaya ko biyu dan an yi rasuwa ko yaro ba lafiya, wannan kam kowa na yi.

Anti duk gwajin da nayi an ce lafiyata ƙalau, har dangin miji sun fara cewa raki ne da son jiki. Ya zan yi da raina?

Ƙanwata wannan tambayar ta fi kowacce taɓa ni. Ina da wata baƙar leda a ƙasan akwati cike da takardun gwaji, na jini, na fitsari, sikanin ciki, hoton ƙirji, kowanne an rubuta ba komai. Akwai ranar da na fito daga ɗakin wani likita bayan ya duba takardun ya yi murmushi ya ce Hajiya ki gode wa Allah lafiyarki lau, na zauna a gindin bishiyar maina ina kuka, mai sayar da fiya wata yana kallona yana tsammanin mummunan labari aka faɗa min. Ni kuwa kukan an ce ba komai nake yi. Wanda bai shiga ba ba zai gane ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da nake so ki riƙe, gwaji abin da aka aike shi nema kawai yake gani. In bai gani ba, ba yana nufin ƙarya kike yi ba. Akwai cututtukan da duniya ta yarda da su kuma har yau ba gwajin jini guda da ke nuna su kai tsaye, da alamomi ake gane su bayan an kore sauran. Akwai ciwon gajiya mai ɗorewa da likitoci ke taƙaitawa da ME/CFS, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan jijiya da ƙwaƙwalwa tun 1969. Akwai faibromayaljiya, ciwon jiki ko'ina da bacci marar daɗi, wanda likitocin gaɓoɓi na Amurka suka fitar da ma'aunin gane shi a 1990, kuma mata ya fi kamawa. Bayan korona ma an samu ɗimbin mutane da suka warke amma gajiyar ta ƙi sakinsu. Ban ce ɗaya daga ciki ne da ke ba, ni ma ba a tabbatar min ba, na dai faɗa ne dan ki san ba ke kaɗai ba ce.

Sai kuma tarkon maleriya da taifot. Sau nawa aka ɗora ni a kan allurai da ƙarin ruwa da sunan taifot, na daina ƙirgawa. Gwajin Widal ɗin nan da ake yi a kowane lungu yana iya nuna akwai alhali babu, musamman a wajen da mutane suka saba haɗuwa da ƙwayar cutar kaman nan. In wata uku a jere ana ce miki taifot kuma magani bai canza komai ba, nemi likita ɗaya ki manne masa ya riƙe fayil ɗinki, ki bar yawon nan na yau wannan asibiti gobe wancan kowa ya faro daga farko.

Dangin miji kuwa, ba za ki iya toshe bakin kowa ba. Mutum ɗaya ya isa ya fahimce ki a gidan.

Akwai gwajin da ya kamata in roƙi likita ya yi min saboda baccin kansa?

Akwai abubuwan da ke ɓuya a bayan rashin bacci kuma suna da magani. A duba maƙoƙo, wato thyroid da ke wuya, dan in yana aiki fiye da ƙima zuciya na bugawa, zufa, rama, bacci ya gagara. A duba ƙarancin jini da sinadarin ƙarfe, musamman in da dare kina jin ƙafafu kaman tururuwa na yawo a ciki sai kin motsa su kike samun sauƙi, wannan yana da alaƙa da ƙarancin ƙarfe a jiki. A duba suga in fitsari ke tashinki sau uku sau huɗu. Sannan ki tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ko kina munshari mai ƙarfi har numfashi ya ɗauke ki zabura, dan mai wannan matsalar ƙwayar bacci haɗari ce gare shi.

Kuma ki zuba duk magungunan da kike sha a leda ki kai wa likitan ya gani da idonsa. Irin su prednisolone suna hana bacci, shi ya sa da safe aka fi ba da su, wasu magungunan hawan jini kuma fitsari suke sa wa. Sauya lokacin shan ƙwaya kaɗai wani lokacin sai ya gyara dare, amma likitan ne zai sauya ba ke ba.

Toh ke me kika yi har baccin ya dawo?

Ba rubutu na sha ba, ba kuma wani sirri ba ne. Wani matashin likita ne, Allah ya saka masa, ya ce in samu littafi in rubuta sati biyu: ƙarfe nawa na kwanta, ƙarfe nawa nake jin bacci ya ɗauke ni, sau nawa na farka, ƙarfe nawa na tashi. Littafin 'yan aji uku na ɗauka mai layi-layi. Da muka haɗa lissafi sai ga shi ina hawa gado tun takwas da rabi bayan isha'i, ban sauka sai kusan shida, awa tara da wani abu kenan, amma baccin da ke ciki bai wuce awa huɗu da rabi ba. Sauran duk juyi ne da tsaki da duba agogo.

Ya ce min Malama kin mayar da gadonki wajen fama. Ƙwaƙwalwa tana koyon abu ta hanyar maimaici, in kullum gado wajen juyi ne da tunani, to da kin ɗora kai a filo za ta wartsake, shi ya sa za ki ga kina gyangyaɗi a falo gaban talabijin amma kina shiga ɗaki ido ya bushe ƙyam. Wallahi kaman yana leƙen gidanmu.

Ga abin da ya ɗora ni a kai. Lokacin tashi ɗaya ne tak kullum, ko nayi bacci ko ban yi ba, har Asabar da Lahadi. Mu Allah ya hutar da mu neman agogo, asuba na nan wajen biyar, sai dai sharaɗin in an sallame ba komawa, in fito tsakar gida hasken safe ya taɓa ni, dan hasken nan shi ke saita agogon cikin jiki. Na biyu, ba hawa gado sai bacci ya zo da gaske, kuma ya koya min bambanta gajiya da jin bacci, mu masu ciwo kullum a gajiye muke amma jin bacci shi ne hamma da nauyin ido da kai na rinjaya. Da farko ya ce kar in kwanta kafin sha ɗaya. Na uku, in na kwanta na ga kaman minti ashirin ya wuce ba labari, in tashi in koma falo da 'yar fitila marar haske sosai, in ja carbi ko in tsinci wake, sai ido ya yi nauyi in dawo. Ko sau biyar ne a dare.

Satin farko na sha wuya ba kaɗan ba, na tsine wa tsarin a raina ya fi a ƙirga, ranar Laraba har alli ya faɗi a hannuna ina tsaye gaban allo. Sati na uku sai na ga ina kwanciya sha ɗaya ban san inda kaina yake ba sai wajen uku. Daga nan muka dinga ƙara minti 15 duk sati.

Daga baya na gane ashe tsari ne sananne, CBT-I ake ce masa, wato gyaran ɗabi'a da tunani game da bacci. Dabarar barin gado in bacci ya ƙi zuwa wani masani Richard Bootzin ya fito da ita a 1972, ta rage zaman gado kuma Arthur Spielman a 1987, sannan a 2016 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta ce da wannan ya kamata a fara kafin a kai ga ƙwaya. Mu dai Hausawa tun tuni muka ce bacci ɓarawo ne. Ina kuka taɓa ganin ɓarawo ya shiga gidan da mai shi ke zaune da tocila yana jiransa? Ni shekara uku ina gadi.

Gargaɗi ɗaya, kar a rage zaman gado ƙasa da awa biyar, kuma mai farfaɗiya, mai ciki, mai lalurar ƙwaƙwalwa irin wadda yanayin mutum ke hawa ya sauka, da direba ko mai aiki da inji, kar su taɓa wannan sai da likita.

Yaya ni fa jikina ba ya ɗaukar zama, dole in kwanta da rana. Ya zan yi da maganar kar a zauna a gado?

Nan ne shawarar masu lafiya ba ta yi mana daidai ba, sai mun yi mata kwaskwarima. Hutu dole ne gare mu. Abin da nayi kawai na raba wajen hutu da wajen bacci. Na shimfiɗa tabarma da 'yar katifa a falo kusa da taga, nan nake miƙewa da rana, labule a buɗe, rediyo na yi, yara na shige da fice. Gado kuwa sai dare. In ɗaki ɗaya ne gare ki, ko juya kai ki yi zuwa ƙafar gado ki canza zanin shimfiɗa, ko ki sauko ƙasa.

Kuma dan Allah kar a ruɗe ki da cewa ki gajiyar da jikinki da aiki bacci zai zo. Ga mai lafiya haka ne. Mu kuwa in muka wuce gona da iri, ba ranar za mu gani ba, sai washegari ko jibi jiki ya rushe, baccin ma ya ƙara lalacewa. Na taɓa yin wankin sati guda da shara da tuwon mutum goma rana ɗaya dan in nuna wa mutane ni ba raguwa ba ce, kwana huɗu nayi a kwance. A Ingila ma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya ta janye shawarar ƙara motsa jiki dole-dole ga masu ME/CFS a 2021. Raba aikin gida-gida, ki tsaya tun kafin ƙarfin ya ƙare.

Ƙailula fa?

Ki yi, amma gajeriya. Minti 20 zuwa 30 wajen azahar, ki sa yaro ya tashe ki. Baccin bayan la'asar kam bashi ne kike ci daga daren.

Baba ya ce shi goro ba ya hana shi bacci, shekara hamsin yana ci. Gaskiya ne?

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma goro akwai kafeyin a ciki, sinadarin da ke cikin kofi da ganyen shayi da Coca-Cola da lemukan ƙarin kuzarin nan da samari ke ɗirka. Jiki yana ɗaukar kusan awa biyar kafin ya rage rabinsa, wato abin da aka ci ƙarfe huɗu na yamma rabinsa na nan a jini ƙarfe tara. Wani zai yi baccin amma ba zai yi nauyi ba, kuma jikin ɗan saba'in ba ya sarrafa shi kaman na ɗan talatin. A lallaɓa Baba ya mayar da goron na safe zuwa azahar, ba sai an raba shi da shi ba. Haka masu zaman majalisa ana zagaya shayin Buzaye har sha ɗayan dare.

Wanda ya fi ba ni haushi da na gano shi ne Panadol Extra. Kowace ƙwaya akwai kafeyin miligiram 65, ni kuma biyu nake watsawa da dare saboda ciwon jiki, wato kofin kofi nake sha in hau gado ina mamakin ido biyu. Duba kwalin maganinku.

Kemis ɗin unguwarmu yana ba ni wata 'yar ƙwaya, ina sha ina bacci. Laifi ne?

Nasan daɗinta, na sha. Daren farko ji nayi kaman an sauke min dutse. Matsalar irin su Lexotan da diazepam da ake ce wa D5, an yi su ne dan ɗan lokaci, sati biyu zuwa huɗu, bayan nan jiki ya saba, ɗaya ta daina yi sai biyu, ranar da babu kuma rashin baccin ya dawo ya fi na da, an gudu ba a tsira ba. Ga jiri da safe, ga mantuwa, tsofaffi kuma faɗuwa a banɗaki. In an haɗa su da tramadol ko kodin numfashi na iya tsayawa cikin bacci. Maganin tari mai kodin dai gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi tun 2018, kowa ya san abin da ya yi wa matasa da matan aure a Arewa, wasunsu kuma da neman bacci suka fara. Piriton ma da ake rainawa 'yan kwanaki ne jiki ya saba da shi.

In kin daɗe kina shan irin su D5, kar ki yanke rana ɗaya, yana iya jawo jijjiga. Je ki faɗa wa likita gaskiya ba kunya, a hankali ake ragewa. Haɗin ƙwayoyin nan kuma na ciwon jiki da ake ƙullawa a farar leda ja da fari da ruwan ɗorawa ba suna, ni na yi sallama da su, ba ki san me kike haɗiya ba, olsa da ƙoda kuma ba sa sallama.

Akwai maganin da likitoci kan rubuta ɗan kaɗan da dare ga masu ciwon jiki da rashin bacci, amitriptyline. Wasu yana musu aiki, ni bushewar baki da nauyin kai ya sa min har muka rage. Da takardar likita ake shansa, musamman mai ciwon zuciya.

Ga zafi ga ba wuta, wane irin bacci kuma?

Hmm. Na taɓa karanta wai ɗakin kwana ya kasance digiri 18, nayi dariya har da hawaye, a Gombe cikin Afrilu da rana ana taɓa 40, bango kuma ya riƙe zafin ya dinga amayo shi har biyun dare. Amma asalin maganar gaskiya ce, sai zafin jiki ya ɗan sauka bacci ke shiga. Abin da muke yi: wanka dab da kwanciya, yayyafa ruwa a siminti, jiƙa zani a matse a rufa da shi, fanka mai caji a ajiye cajinta dan dare kar yara su cinye shi da rana. In gidan da katanga, a fito tsakar gida a ɗaura gidan sauro, kar a yi wasa da wannan, maleriya a kan ciwonmu ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Da hunturu kuma akasin haka, sanyin asuba ke tayar min da ciwon gaɓoɓi, sai safa da ruwan ɗumi a jarka a naɗe da tsumma.

Waya ce abokiyar hirata da dare, in ajiye ta in yi me?

Ba hasken kaɗai ba ne matsalar, abin da ke ciki ne. Ƙarfe biyun dare kina Facebook kin ga sanarwar rasuwa, ko kin rubuta alamomin ciwonki a intanet an jero miki kansa iri bakwai. Ni a kicin nake barin tawa. Ƙaramar rediyo ko karatun Alƙur'ani a sifika can ƙasa-ƙasa ya fi. Agogon bango ma na cire shi daga ɗakin, dan lissafin saura awa uku saura awa biyu shi kansa hana bacci ne.

Da na kwanta sai tunani, wa zai riƙe min yara in na mutu. Wasu sun ce sammu ne ko iska, in je a yi min ruƙiyya.

An ce dare mahutar bawa, mu kuwa nan ne kotu ke zama. Tunanin da zai zo ƙarfe uku na dare kar ki yarda da shi, da safe in kin sake dubansa za ki ga ya rage girma. Dabarar da ta taimake ni, bayan la'asar nake zama minti goma in rubuta duk abin da ke cin raina da abin da zan iya yi a kai gobe, kuɗin makaranta, ranar komawa asibiti, maganar da wance ta faɗa min. In ya taso da dare sai in ce masa an riga an rubuta ka, sai gobe.

Addu'a kuwa ban taɓa sakinta ba. Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a shafe jiki, sai tasbihin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa Nana Faɗima lokacin da ta koka da wahalar aiki: Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34. A hankali nake ja ina sauke numfashi, sau da yawa ban kai ƙarshe ba. Maƙwabciyata Kirista ce 'yar Kaltungo, ita ma da nata addu'o'in take lallaɓa darenta. Sai dai ki yi dan neman natsuwa da lada, kar ki mayar da shi gwaji kina leƙen ko baccin ya zo, nan ma gadi ne.

Ruƙiyya ta shari'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa. Wanda nake tsoro shi ne mai cewa kawo dubu kaza da baƙin bunsuru, ko ya nuna miki kishiya ko uwar miji ya ce ita ce. Na ga gidan da ya watse a kan haka, ciwon kuma yana nan.

Maigida yana ganin kaman guje masa nake in na tashi na koma falo.

Zaunar da shi da rana, ba da dare ba, ki nuna masa littafin. Nawa sai da na ja shi muka shiga wajen likita tare, abin da na shekara ina faɗa bai shiga ba, likita ya faɗa cikin minti biyar ya ce ai gaskiya ne. Maza kenan. Yanzun shi ke kashe talabijin ya kora yara.

Da azumi fa, komai ya rikice.

Zai rikice kam, ga tarawihi ga sahur ga tahajjud a goman ƙarshe. Ki riƙe ƙailula, ki rage shayi mai ganye da buɗa baki, kar ki cika ciki dab da kwanciya, bayan sallah ki koma tsarinki. Marar lafiya kuma Allah ya yi masa rangwame ya rama daga baya, ki tambayi likita da malami, kar ki canza lokutan magani da ka.

Yaushe abin ya wuce a zauna a gida?

In kina ramewa ba dalili, zazzaɓi ko zufar dare da ke jiƙa zani, tari sama da sati biyu, ciwon ƙirji, numfashi na gagara in kin kwanta, kumburin ƙafa, ko wani sashe na jiki ya saki, wannan asibiti ne yau ba gobe ba. Haka in kwana biyu uku ba bacci kuma ba kya jin gajiya sai surutu da ƙarfi. Mafi girma, in zuciya ta fara raya miki gara mutuwa ko ki cutar da kanki, faɗa wa wani a daren nan, kar ki kwana da shi ke kaɗai.

In an tura ki wajen likitan ƙwaƙwalwa kar ki ji an zage ki. Ni sai da nayi wata biyu da takardar a jaka ina jin kunya kar a gan ni a layin. Ashe su suka fi kowa sanin bacci da damuwa. Manyan asibitocin koyarwa irin na tarayya da ke nan Gombe da na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi nan ake samun ƙwararru, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna.

Toh yanzu kin warke kenan?

A'a. Ciwon na nan, ledar takardu ma ta ƙaru da biyu bana. A sati ina samun dare huɗu ko biyar masu kyau, awa shida, wani lokacin da rabi. Sauran sai a hankali. Shekaranjiya ma ƙarfe biyu da wani abu ciwon kafaɗa ya tashe ni, na fito falo na zauna da tiren wake ina tsinta da 'yar fitila, ƙaramar 'yata ta fito fitsari ta gan ni ta ce Umma yau ma alala za a yi? Na ce eh je ki kwanta. Wajen uku da rabi na koma gado, biyar na tashi, kuma alalar dole aka yi ta tunda an riga an yi alkawari.